Kalmar "Struggle": Da Me Ake Fama?

Akwai wata kalmar Ingilishi da ta shiga bakin samarinmu a zangon Kumasi da Nima ta Akra, har ta zama kamar gaisuwa. Ka tambayi yaro ina labarin aiki, sai ya ce maka, "Baba, muna struggle." Da ya faɗi haka magana ta ƙare, don babu mai ƙara tambayar mutumin da ya ce yana shan wuya. To, a ganina daidai wurin ne ya kamata tambaya ta soma.

Kalmar ta bayyana a rubuce-rubucen Ingila a ƙarni na 14. Ma'anarta ta fari ita ce kokawa da jiki, irin mutsu-mutsun wanda aka riƙe yana neman kuɓucewa. A hankali ta yi faɗi, har ta ɗauki kowane irin ƙoƙari da mutum yake yi gaban abin da ya fi ƙarfinsa. Mu a Hausa mun rarraba wannan kaya. Majiyyaci yana fama da ciwo, 'yan wasa suna kokawa, talakawa suna gwagwarmaya da azzalumin mai mulki, magidanci kuwa yana fafutukar abin sawa a bakin salati. Mai karatu ya lura da "fama": yawanci takan jawo "da" a bayanta. Ko a gaisuwa mukan ce, yaya fama da jama'a? Harshenmu yana so a ambaci abokin karawar. Kalmar Ingilishin kuwa tana iya tsayawa ita kaɗai, ba ta faɗi da wa ake yi ba, balle don me.

Ga abin da wannan yake haifarwa. A Afirka ta Kudu, dukan yaƙin da aka yi da mulkin wariyar launin fata da wannan kalma ake kiransa. Nelson Mandela ya yi shekara 27 a kurkuku saboda shi, aka sake shi ran 11 ga Fabrairu 1990, ya zama shugaban ƙasa a 1994. Amma littafin da Adolf Hitler ya fitar a Jamus a 1925, in aka juya sunansa da Ingilishi, wannan kalmar ce dai take fitowa. Shi ma yana ganin kansa mai gwagwarmaya ne, gwagwarmayarsa kuwa ta ci ran Yahudawa wajen miliyan 6. Dukansu biyu sun shiga kurkuku, dukansu biyu sun jure. Ashe jimiri shi kaɗai bai isa shaida a kan mutum ba.

Mu dawo gida Gana. Dubi 'yan matan arewa da ake kira kayayei, masu ɗaukar kaya a ka a kasuwar Kejetiya. (Farkon sunan ma namu ne, wato "kaya".) Yarinya za ta ɗauki babban kwano cike da doya tun asuba, da yawansu kuma a bakin shaguna suke kwana. Wuyar da take sha a kanta take tsayawa, ladan kuwa ta aika wa iyayenta. Sa'an nan dubi masu haƙar zinariya ba da izini ba, wato galamse. Sun mai da ruwan kogin Pra da na Ofin kamar kunu, sun tone gonakin koko, sinadarin da suke tace zinariya da shi kuma guba ne ga kifi da mutane. Ban ce yaron da yake cikin rami ba ya shan wuya ba. Yana sha ƙwarai, wani lokaci ma ramin yakan rufta da shi. Sai dai mai kuɗin da ya sayi motar haƙa, shi ma in ka tambaye shi zai ce yana struggle, matar ƙauyen da take ɗiban ruwan nan ta ba jaririnta kuwa ba wanda ya nemi yardarta. An ɗora mata wuyar wani, an kuma rufe bakinta da kalma mai ban tausayi.

Littafin Farawa ya nuna mana iri biyun nan a cikin mutum guda. Yakubu ya yi fafutuka tun yana saurayi: ya sayi matsayin ɗan fari daga Isuwa da faten wake, ya ruɗi mahaifinsa Ishaku da ya makance. A duk wannan, waɗansu ne suka biya. Amma a sura 32, a mashigin Yabbok, ya haye da iyalinsa da dukiyarsa duka, ya ragu shi kaɗai, aka yi ta kokawa da shi har gari ya waye. A nan ne aka sāke masa suna ya zama Isra'ila, a nan ne kuma aka gurɗe masa kwatangwalo. Da safe ya tashi yana ɗingishi, ya nufi ɗan'uwan nan da ya cuta, wanda yake tafe da mutum 400.