Tsakanin Gaskiya Da Tausayi: Darasi Daga Zauren Mai Busa

'Yan'uwana marubuta, akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Idan ɗan koyo ya kawo maka aikinsa ka ga bai yi kyau ba, shin gaskiya za ka gaya masa, ko kuwa yabon da zai faranta masa rai? Na samo bakin zaren amsar ne a zauren wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ɗan badujalar 'yan sanda, wanda ke koya wa wani yaro ɗan shekara goma sha biyu busa kilarinet.

Ga wanda bai san ta ba, kilarinet abin busa ce ta Turawa, doguwa, baƙa. Ana danganta ƙirƙiro ta ga Johann Christoph Denner na birnin Nuremberg a ƙasar Jamus, wajen shekarar 1700. Muryarta tana fitowa ne daga wani siririn harshen kara guda ɗaya da ake ɗaurewa a bakinta, saɓanin algaitarmu mai harshe biyu. Wannan harshe lamba-lamba ne, daga 1 zuwa 5, ɗan koyo kuma da mai taushi yake farawa, lamba 2 ko ƙasa da haka.

Babu wanda ya taɓa fara busa kilarinet ba tare da ta yi masa tsuwwa mai kashe kunne ba. Ranar da na fara zama a zauren, yaron nan ya busa, ta yi tsuwwa, ya sake, ta sake. Idanunsa suka ciko da ƙwalla. Dattijon bai yaba ba, bai kuma yi faɗa ba. Sai ya karɓi abin busar, ya kwance harshen, ya ɗaga shi wajen haske, ya ga bakinsa ya tsage. Ya ce, "Ɗana, wannan ba laifinka ba ne." Ya ɗaura sabo, murya ta fito.

A nan na ɗauki darasi na farko. Kafin mutum ya ce zai faɗi gaskiya, wajibi ne ya binciko inda laifin yake. Da yawa daga cikinmu abin da muke kira gaskiya zato ne kawai muka yi wa ado. Da dattijon ya ce yaron ba shi da basira, da ya zalunce shi, yana kuma ganin kansa mai gaskiya.

Darasi na biyu ya fi wuyar haɗiya. Ni da ban iya busa ba, na ga yaron yana kumbura kumatu kamar mai algaita, alhali a kilarinet ana hana ɗan koyo yin haka. Yana cije bakin abin busar, yatsunsa kuma ba su rufe ramukan sosai. Amma ranar abu ɗaya tak aka gyara masa, wato yadda zai naɗe leɓen ƙasa a kan haƙora. Da yaron ya tafi na ce, "Baba, ai sauran kurakuran ma kun gani." Ya ce, "Na gani. In na zube masa su gaba ɗaya, gobe ba zai dawo ba."

Wani zai ce ai wannan ma ɓoye gaskiya ne. Ni ina ganin da bambanci tsakanin jinkirta gaskiya da musanya ta da ƙarya. Dattijon bai taɓa cewa "ya yi kyau" ga abin da bai yi kyau ba. Lokaci kawai ya zaɓa. Mai yabon ƙarya kansa yake tausaya wa, don kada a ga baƙinsa. Mai zube kurakurai gaba ɗaya kuwa sau da yawa iliminsa yake son a gani. Dukansu biyu sun manta da ɗalibin.

Amfanin wannan hali yana bayyana ne a gaba. Akwai wani mataki a koyon kilarinet da ke karya gwiwar 'yan koyo, wato haurawa daga ƙananan muryoyi zuwa manya. Sai an danna wani maɓalli da babban yatsan hagu, sauran yatsu kuma su rufe ramuka a lokaci guda. Yaron ya yi makonni yana fama. Ranar da ya haye, dattijon ya ce, "Madalla!" Yaron ya kusa tashi sama don murna, domin ya san wannan baki ba ya yabon banza. Da an saba yaba masa a kan komai, da kalmar ta zama holoƙo.

To, mu dawo gida. A taronmu na wata-wata matasa suna miƙo mana rubutunsu na farko hannu na rawa. Wasunmu su ce "ya yi" ba su ko karanta ba, marubucin ya je ya zuba kuɗinsa a ɗab'i, littafi ya kwanta a kasuwa. Wasu kuma su yi masa wankin babban bargo a bainar jama'a, daga ranar ba a sake ganin ƙeyarsa. Kowanne cin amana ne.

Idan rubutu ya zo hannunka, ka karanta shi har ƙarshe. Ka duba ko matsalar ta basira ce, ko ta ƙa'idar rubutu ce kawai da ba a taɓa koya masa ba. Ka zaɓi gyara ɗaya mafi muhimmanci, ka ajiye sauran zuwa wata haɗuwar. Abin da ya yi kyau kuma ka faɗa, ka nuna shafin da yake. Mu ma da tsuwwa muka fara, wani ya yi haƙuri ya saurare mu. Allah ya ba mu ikon biyan wannan bashi, amin.