Goron Bayan Sa Hannu

Wani dare ina gabatar da shirin da masu saurare ke kira kai tsaye, sai wani bawan Allah ya bugo, ya roƙi kar a nemi sunansa. Ma'aikaci ne, yana cikin kwamitin da ke karɓar aiki idan ɗan kwangila ya gama. Ya ce sun duba wasu azuzuwa uku, ya ga aikin ya yi, ya sa hannu. Bayan kwana biyu ɗan kwangilar ya aiko masa da jaka hamsin, wai na goro. "Malam, ban roƙa ba, ban yi ƙarya ba, sai da na sa hannu aka ba ni. To wa na cuta?"

Na ba shi amsar da ta zo mini a baki, amma tambayar ta bi ni har gida.

Kwangilar gwamnati tana da matakai. Ana sanarwa, masu nema su kawo farashinsu a rufe, a buɗe a gaban jama'a, a zaɓi ɗaya. Idan ya gama, kwamiti ya duba ya karɓa na wucin gadi, a riƙe wani kaso na kuɗinsa har a ga ko ginin zai tsaya. Duk wannan tsari yana rataye ne a kan sa hannun mutum ɗaya ko biyu. Sa hannun nan shaida ce, kuma a madadin waɗanda ba su wurin ake bayar da ita: ɗan aji ɗaya da zai zauna ƙarƙashin rufin, da mai sayar da ƙosai da aka karɓi harajinta a kasuwa.

Ban ce mai kiran ba shi da hujja ba. Albashi ba ya kai ƙarshen wata, kuma a wurinmu mayar da kyauta cin fuska ne. Sai dai ɗan kwangila ba daga gadon ubansa ya ciro jaka hamsin ɗin ba. Tun ranar da yake rubuta farashi ya lissafa da ita, tare da na mai ba da aiki da na mai fitar da kuɗi. In ba a farashi ta shiga ba, daga buhun siminti ta fita. Sannan goron yau ba na aikin jiya ba ne, na gobe ne. Ranar da mutumin nan zai kawo gini mai tsaga, idon da ya ci kunya yake ji.

Tambayar ba sabuwa ba ce. A zamanin Manzon Allah (SAW) wani ma'aikacin zakka ya dawo ya ware wasu kaya a matsayin kyautar da aka yi masa. Aka nuna masa cewa da a gidan iyayensa ya zauna, babu wanda zai kawo masa. Awon kenan: kujerar aka ba, ko mutumin?

Mun saba cewa kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne, don ba mu ganin fuskar wanda aka cuta. A 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaron Nijar ya gano kayan da aka ƙara wa farashi da waɗanda aka biya ba a kawo ba, a daidai lokacin da ake makokin sojojin Inates da Shinagodar. Kowace takardar biya akwai wanda ya sa mata hannu. A 2021 gobara ta cinye yara a azuzuwan zana, a Yamai cikin Afrilu, a Maraɗi cikin Nuwamba. Duk kuɗin aji da ya zurare a hanya, wata rumfar zana ce ta ƙara shekara.

Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne ni ma na taɓa karɓa. An gayyace mu bikin miƙa wata makaranta, na ga tsaga a bango daga taga har ƙasa. Da aka watse aka miƙa wa kowane ɗan jarida jaka goma, kuɗin mota. Babu wanda ya ce in yi shiru. Na dawo na karanta jawabin manya, na bar tsagar a inda na gan ta.

Da mai kiran zai sake bugowa, zan ce masa ban san sunan wanda ya cuta ba, kamar yadda ban san sunayen yaran da ke zaune jikin bangon nan ba. Amma suna nan, kuma damina na tafe.