Mai Gida da Yaron Gida a Jiki Ɗaya

Ma'aikacin gwamnati yana da mai tsawata masa, amma in lokacin tashi ya yi, ya bar tsawar a ofis. Tela, mai walda, mai injin niƙa da matar da ke sarrafa man kaɗe a Kontagora ba su da wannan sauƙi. Kowannensu shi ne mai gida, shi ne yaron gida, kuma mai gidan yana bin yaron har shimfiɗa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na masu aiki a Najeriya, kansu suke yi wa aiki. Ashe yawancin iyalanmu ne a cikin wannan hali. To, wane irin mai gida ya kamata mutum ya zama wa kansa?

Zargin kai iri biyu ne. Akwai na lamiri, mai kiran laifi da sunansa. Telan da ya karɓi ɗinkin Kirsimeti fiye da ƙarfinsa, ya yi ta cewa "gobe", lamirinsa ya faɗa masa gaskiya, maganin kuwa a fili yake: ya nemi gafara, baɗi ya rage alkawari. Na biyun ba ya ambaton aiki, mutumin yake tuhuma: kai ba ka da amfani, sa'o'inka sun wuce ka. Wannan ba ya nuna abin gyara, sai dai ya hana barci.

Mu ɗauki shekarar 2023. A farkonta takardun Naira suka yi wuya, ciniki ya tsaya. A ranar 29 ga Mayu aka janye tallafin man fetur, cikin kwanaki kaɗan kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu. Ɗan acaɓar da ribarsa ta ragu a lokacin, ya ce ragwancinsa ne, ya yi wa kansa shaidar zur. Shaidar zur kuwa laifi ce, ko da a kan kanka ka yi ta.

Wani zai ce, in ban matsa wa kaina ba, wa zai matsa mini? Da gaskiyarsa, gama gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne. Amma ga ma'auni: maganar da ba za ka faɗa wa yaron shagonka mai aminci ba, kada ka faɗa wa kanka. In ka faɗa masa, zai gudu. Kai ba ka da wurin gudu, sai jiki ya biya da hawan jini, mata da 'ya'ya su biya da fushinka.

Sa'ad da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, abinci da barci aka fara ba shi kafin a tambaye shi kome.

Saboda haka, 'yan'uwa, a riƙe littafin lissafi, domin abin da aka rubuta ya fi tunanin tsakar dare adalci. A sa lokacin rufe shago, a kiyaye ranar hutu. Miji ya gaya wa matarsa gaskiyar ciniki, ita ma ta gaya masa. A ƙarshen mako a raba asara kashi biyu: wadda ta fito daga hannunka, ka gyara, wadda ba daga hannunka ba, ka ajiye ta, ka kwanta.