Wa Ya Ci Amanar Wa?

A shekarar 2000 Luis Figo ya bar Barcelona ya koma Real Madrid, bayan ya shaida wa 'yan jarida cewa babu inda za shi. Da ya je wasa Camp Nou a 2002, har kan alade aka jefa masa. Har gobe maci amana suke kiransa.

A 2021 kuma Barcelona ce ta ce ba ta da halin riƙe Messi, wanda ya zo mata yana ɗan shekara 13. Ya tafi yana hawaye, muka ce ai matsalar kuɗi ce.

To, don me nauyin amana zai hau kan ɗan wasa shi kaɗai? Kulob kan sallami mutum da zarar ƙafarsa ta fara sanyi, ga shi shekarun cin abincinsa ƙalilan ne. Don ya nemi gaba bai yi laifi ba. Inda Figo ya ɓata, a ganina, shi ne alkawarin da ya saɓa. Magoyin baya ba shi da albashi balle kwantiragi, gaskiya kaɗai yake bin su bashi. Idan jita-jitar sauya sheƙa ta taso, da mudu ɗaya ya kamata mu auna ɗan wasa da shugaban kulob.