Mai Tsaron Rai da Hayaƙin Motarsa

'Yan'uwa, aikin ɗan sanda tsaron rai ne. To, daidai ne motar da yake sintiri da ita ta riƙa cutar da rayukan da aka ba shi amana?

A shekarar 2013 wata yarinya 'yar shekara 9 ta rasu a birnin Landan bayan fama da ciwon asma. Gidansu yana dab da wata babbar hanya mai cunkoson motoci. A 2020 bincike na shari'a ya tabbatar cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya yi ajalinta. A wannan birni ne, a 2018, 'yan sanda suka karɓi motoci 11 ƙirar Toyota Mirai masu aiki da haidurojin, waɗanda ruwa kaɗai suke fitarwa maimakon hayaƙi.

Wani zai ce irin motocin nan suna da tsada, kuɗin kuwa na jama'a ne, gara a sayi masu araha da yawa domin a riƙa kai ɗauki da sauri. Maganarsa tana da nauyi, gama jinkiri ma yakan ci rai. Amma araha ba ta ado. Abin da aka rage wajen saye, yaran bakin titi ne suke biya da huhunsu, ba kuwa wanda ya shawarce su.

Saboda haka, duk mai riƙe da dukiyar jama'a, in ya zauna lissafin sayen mota, wajibi ne ya sa numfashin maƙwabcinsa a cikin lissafin.