Ko Mutum Yana Iya Satar Ɗansa?

Tambayan nan ta kan ba mutane dariya da fari. Su kan ce, ina aka taɓa jin mai gona ya saci dawarsa? Ɗa na ubansa ne, sunan ubansa ya ke amsawa, gadon ubansa zai ci. In uban ya ɗauke shi ya kai shi wani gari, ai abinsa ya ɗauka. Haka mutane da yawa su ke gani, har a cikin ekklesiya. Amma ya kamata mu duba maganar a hankali, gama akwai 'yan'uwa cikin jama'armu, maza da mata, waɗanda su ke kwana da ita su tashi da ita.

Mun san yadda abin ya kan faru. Miji da mata sun saɓa, aure ya mutu ko yana gab da mutuwa. Ran nan matar ta tafi kasuwa, ta komo ta tarar ba yaro. Aka ce ubansa ya sa shi a mota. Ina aka kai shi? Kowa ya yi shiru. Watakila yana wurin gwaggonsa a wani gari mai nisa, ana ce da abin riƙo. Wani lokaci kuwa uwar ce ta kan goya ƙaramin da asuba, ta ja hannun babban, ta shige garin da ba wanda ya san ta, uban ya yi ta cigiya shekara da shekaru.

Ba a ƙasarmu kaɗai a ke yin haka ba. A watan Yuni na 2004 wata mace 'yar ƙasar Barazil, wadda ta ke aure a Amurka, ta ɗauki ɗanta mai shekara 4, sunansa Sean, ta ce za su gaishe da danginta na mako biyu. Da ta isa ta aiko wa mijin, David Goldman, cewa ba za ta komo ba. Ta yi wani aure a can, ta rasu wajen haifuwa a 2008, duk da haka danginta da sabon mijin suka riƙe yaron. Uban ya yi ta shari'a, bai samu ɗansa ba sai ran 24 ga Disamba 2009. Yaron yana da shekara 9 a lokacin, fiye da rabin kwanakinsa a Barazil ya yi su. A 2014 majalisar Amurka ta yi doka a kan irin wannan al'amari, ta sa mata sunan uban da ɗan.

Tun kafin wannan, a 1980, ƙasashe suka ƙulla alkawari a birnin Heg na ƙasar Holan saboda yaran da iyaye su ke ƙetarewa da su iyaka. Ƙasashe fiye da 100 sun shiga, Nijeriya kuwa ba ta cikinsu. Abin da alkawarin ya ce ya cancanci mu lura da shi. Bai sa alkali ya fara binciken wanda ya fi kirki tsakanin uba da uwa ba. Ya ce a fara mayar da yaron da bai kai shekara 16 ba ƙasar da ya saba zama, da sauri, cikin mako 6 in ya yiwu, sa'an nan alkalan wurin su yanke wanda zai riƙe shi. Dalilin a fili ya ke: wanda ya fizge yaro ya gudu ya mai da kansa alkali a cikin shari'arsa ta kansa, ya yanke hukunci ba a ji ta bakin ɗayan ba. Masu rubuta alkawarin sun san kuma kwanaki su kan goyi bayan mai gudu, domin in shekara ta wuce kafin a kai ƙara, yaro kuma ya saba da sabon wuri, alkali yana iya barinsa can. Yaro ya kan manta fuska, ya manta harshe.

To, mene ne a ke sacewa, tun da ɗan nasa ne? Da fari an sace wa ɗayan mahaifin ɗansa, gama mutum biyu Allah ya danƙa wa amanar. Ku tuna da Yakubu. Yusufu yana da shekara 17 sa'ad da 'yan'uwansa suka sayar da shi, tsohon kuwa bai sake ganinsa ba sai bayan wajen shekara 22, kuma Littafin Farawa ya gaya mana ya ƙi ta'aziyya. Wanda ɗansa ya mutu yana da kabarin da zai nuna, an yi masa zaman makoki, maƙwabta sun zo sun yi gaisuwa sun watse. Uwar da aka ɓoye mata ɗa ba ta da ko ɗaya. Ba wanda ya san irin gaisuwar da zai yi mata. Kowace mota ta tsaya a tasha sai ta duba.

Amma babbar satar daga yaron a ke yinta. A Littafin Sarakuna na Fari, sura 3, mata biyu suka zo gaban Sulemanu suna jayayya a kan jariri ɗaya, ya sa a kawo takobi a raba shi biyu. Sarki bai tambayi a hannun wa yaron ya kwana ba. Ya jira ya ga wadda za ta yarda ta rasa shi domin ya rayu, da wannan ya gane uwar. Mahaifin da ya gudu da ɗa ya raba shi biyu ba da takobi ba. Dole kuma ya ƙara da ƙarya, gama yaro zai yi tambaya. Sai a ce masa, uwarka ta mutu, ko kuwa, ubanka ya yashe ka. Wannan ƙarya ita ce yaro zai ci ya girma da ita, ran da ya gane kuwa ya kan rasa iyayen duka biyu. Yaya zai girmama ubansa da uwarsa, yadda doka ta biyar ta umurta, alhali ɗaya ya koya masa ƙin ɗayan?

Wani zai ce, in akwai hatsari fa? Gaskiya ne, akwai ɓoyo wanda ba sata ba. Uwar Musa ta ɓoye shi wata 3. Yehosheba ta ɗauke Yowash daga cikin 'ya'yan sarki sa'ad da Ataliya ta ke karkashe su, aka ɓoye shi shekara 6 a cikin Haikali. Alkawarin Heg ma ya yarda kada a mayar da yaro inda zai gamu da mummunar cuta. Matar da ta tsere da 'ya'yanta daga mijin da ke dukansu har jini, ba ɓarauniya ba ce, kada kuma dattawa su tura ta ta koma da sunan haƙuri. Sai dai ku lura, a shekara ta bakwai Yehoyada firist ya fito da Yowash a gaban jama'a. Mai ɓoyo domin ceton rai yana ɗokin ranar da zai faɗi maganarsa a gaban dattawa da alkali. Mai ɓoyo domin fushi, ko domin ya ƙona wa abokin aurensa rai, wannan rana ce ya ke gudu.

Al'adar da ta ce da zarar an yaye yaro sai uba ya karɓe shi, ba ta da ƙarfin da a ke zato. Dokar aure ta Nijeriya ta 1970 da dokar haƙƙin yara ta 2003 duka sun sa amfanin yaron a gaba da son iyayen. Maƙwabtanmu Musulmi ma, a shari'arsu ta Malikiyya, uwa ce ta ke da renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure, in uwar ta auri wani kuma renon ya kan koma ga kaka ta wajen uwa.

Ba mai iya ɓoye yaro shi kaɗai. Akwai gwaggon da ta karɓa ba ta tambaya ba, da malamin makarantar da ya rubuta sabon suna, da mu da mu ke zama benci ɗaya da mutumin ran Lahadi mun sani mun yi shiru. Hausawa sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne. Saboda haka in baƙo ya zo ekklesiyarku da ƙaramin yaro, ba uwa, ko mace ta zo da 'ya'ya, ba labarin uba, ku karɓe su da murna, ku ba su masauki, sa'an nan dattawa biyu su zauna da baƙon a keɓe su ji yadda aka yi. In akwai tsoron rai, a rufa asiri, a nemi taimakon hukuma. In babu, pasto ya rubuta wa ekklesiyar da baƙon ya fito a cikin makon nan, domin wanda aka bari a can ya ji cewa yaron yana da rai, ya kuma san sunan garin.