Yawon Salla Ba Da Bashi Ba

Idan Salla ta zo, Gidan Zoo na Audu Bako da ke Kano yakan cika maƙil da iyalai, yara suna kallon namun daji, suna hawan lilo. Shari'a ba ta hana wannan ba. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tsaya wa Nana A'isha har ta ƙoshi da kallon wasan Habashawa a masallaci ranar idi.

Amma fa irin wannan nishaɗi mustahabbi ne, ciyar da iyali kuwa wajibi. Magidancin da ya ci bashi domin yawon yini guda, sa'an nan tukunyarsa ta kwana uku ba ta hau murhu ba, ya sayar da farilla ya sayi nafila. Aya ta 67 cikin Suratul Furƙan ta yabi bayin da ba su yin almubazzaranci, ba su kuma yin ƙwauro.

Maganin abin shi ne asusu tun daga watan Rajab. Ba kuɗin ƙofa ne kaɗai ke cinye aljihu ba, har da na mota da lemo da lilo. Sai a tafi da guzuri daga gida, a kuma yanka wa kowane yaro rabonsa tun kafin a fita.

Allah Ya azurta Musulmi da wadar zuci, amin.